Ƙasrul Baron: Yini Guda a Gidan Attajirin da Ya Gina Gari Cikin Hamada

Duk wanda ya taɓa sauka a filin jirgin saman Alƙahira, mota ta ɗauko shi ta biyo titin Uruba zuwa cikin gari, da wuya a ce idonsa bai faɗa kan wani jan gini da ke tsaye bisa tudu ba, mai doguwar hasumiya a gefe guda wadda daga nesa sai ka ɗauka suri ne ya girma ya wuce misali. Bai yi kama da masallaci ba, bai yi kama da coci ba, kuma a duk faɗin Masar babu wani gida da za a nuna a ce ga ɗan'uwansa. Misirawa na kiransa Ƙasrul Baron, wato fadar Baron. Mu ma ta tagar mota muka fara ganinsa a daren da muka iso ƙasar neman ilimi. Muka tambayi direba, ya ce mana gidan aljanu ne, ya yi dariya, ya ƙara wuta. Sai da muka shekara biyu muna wuce shi kafin Allah ya nufe mu da shiga.

Ranar wata Asabar ce cikin hutun tsakiyar shekara, sanyin Alƙahira na kaɗawa. Mu biyar ne: biyu daga Damagaram, ɗaya daga Maraɗi, ɗaya daga zangon Kumasi, ɗaya kuma daga Garwa. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa a Abbasiyya, muka sauka a tashar Ahram, muka taka da ƙafa ta gaban babbar cocin unguwar har muka iso ƙofar gidan. Abin da muka gani a ciki, da abin da muka bincika bayan mun fito, shi muke so mu shimfiɗa wa masu karatu a yau, domin labarin wannan gida ya fama mana wani miki da ke jikinmu mu ma.

Mai gidan sunansa Edouard Empain, Misirawa kuma su ce Imban. An haife shi a shekarar 1852 a wani ƙaramin gari mai suna Beloeil a ƙasar Beljiyam, ɗan malamin makarantar ƙauye ne, bai gaji ko taro ba. Ya fara neman abinci a matsayin mai zanen injuna a wani kamfanin ƙarfe. A can ne ya lura da abin da manyan attajiran zamaninsa suka raina. Su hankalinsu yana kan dogayen layukan dogo masu haɗa birni da birni, shi kuwa sai ya ga cewa talakan da ke kwana a bayan gari yana aiki a cikin gari shi ma yana bukatar abin hawa kullum safe da yamma. Ya duƙufa kan ƙananan jiragen ƙasa masu bin titi, waɗanda Misirawa ke kira turumai. A 1881 ya kafa bankinsa na kansa don kada ya riƙa zuwa ƙofar kowa neman jari. Kafin ƙarni ya juya, taragunsa na yawo a biranen Beljiyam da Faransa da wasu ƙasashe, kuma kamfaninsa ne ya riƙe harkar jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Paris, wanda aka buɗe layinsa na farko a watan Yulin 1900.

Dabarar arzikinsa ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya san fatauci. Bankinsa ne ke ba da kuɗin aiki. Masana'antarsa ta Charleroi, wadda ya kafa a 1904, ita ke ƙera injunan lantarki. Kamfaninsa na wuta ne ke sayar da lantarkin, kamfaninsa na turumai kuma shi ke saye. Wannan kamfani ya riƙe hannun jarin wancan, wancan ya riƙe na gaba, ta yadda da ɗan jari kaɗan yake juya dukiya mai tarin yawa wadda akasarinta ta wasu ce. A ce mutum guda shi ne madugu, shi ne mai jakuna, shi ne fatoma, kuma shi ne dillali. Duk inda kwabo ya gangara, aljihunsa yake komawa. A 1907 Sarkin Beljiyam Leopold na Biyu ya ba shi sarautar baron, sunan da ya bi gidan har yau.

Alƙahira ta san turumai tun 1896, kuma Empain na da hannu a kamfanin da ya shimfiɗa shi. Amma sai a 1904 ya tako Masar da ƙafarsa. A shekarar da ta biyo, shi da abokin cinikinsa Boghos Nubar Pasha, ɗan Nubar Pasha Ba'armeniyen da ya zama firaministan Masar na farko, suka sayi fili daga hannun gwamnati a cikin hamada, kimanin kilomita 10 arewa maso gabas da birnin. Faddan 5,952 ne, wato kusan murabba'in kilomita 25, kowane faddan a kan fam ɗaya na Masar. Babu ruwa a wurin, babu itace, babu hanya. Mutane da yawa sun ɗauka Baturen ya zuba kuɗinsa a rairayi.

Shi kuwa ya san abin da ya taka. Ƙasar hamada ba ta da daraja ne saboda nisa da ƙishirwa, kuma maganin duka biyun yana hannunsa. A 1906 aka kafa kamfanin da zai gina garin. Aka ja layin turumai daga tsakiyar Alƙahira, aka jawo ruwa, aka kafa wutar lantarki, aka yanka faffaɗan tituna, aka dasa itatuwa. Filin da aka saya fam ɗaya sai ya koma ana yanka shi fuloti-fuloti ana sayarwa da tsada, wanda ya saya kuma dole ya hau turuman kamfanin, ya sha ruwansa, ya kunna wutarsa. Aka raɗa wa garin suna Heliopolis, birnin rana, aron sunan wani tsohon birnin zamanin Fir'aunoni da kufansa ke kusa da nan, a Matariyya. Misirawa suka ce Misrul Jadida, sabuwar Masar. A 1910 aka buɗe wani ƙaton otal mai ɗakuna kusan 400 wanda wani maginin Beljiyam, Ernest Jaspar, ya zana. Shi ne yau fadar shugaban ƙasa ta Ittihadiyya. A wannan shekarar kuma aka yi gasar jiragen sama a garin, aka buɗe filin sukuwa, daga baya aka ƙara da wurin wasannin shaƙatawa.

Gine-ginen garin an yi musu ado irin na Musulunci, da baka-baka da ƙubbobi da rumfunan da ke kare masu tafiya daga rana, kamar yadda har yanzu ake gani a unguwar Korba. Amma da mai gari ya tashi gina nasa gidan, sai ya tsallake Masar da Turai gaba ɗaya ya nufi gabas mai nisa. Ya ɗauko Alexandre Marcel, maginin Faransa wanda ya yi suna da kwaikwayon gine-ginen Asiya a bajekolin duniya na Paris a 1900. Marcel ya ɗebo siffar gidan daga wuraren bauta na Angkor a Kambodiya da na Orissa a Indiya. An fara aiki a 1907, aka gama a 1911. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne jin cewa duk wannan sassaƙa da muke gani ba dutse ba ne. Kankare ne mai rodi a ciki, fasahar da a lokacin sabuwa ce, kuma gidan na cikin gine-ginen farko da aka yi da ita a Masar. Attajirin zamani ya gina wa kansa tsohon haikali da siminti.

Daga ƙofar waje, lambu ne ake hawa daki-daki har a isa ginin, fili mai faɗin murabba'in mita 12,500. Tun daga matakala ake cin karo da siffofin giwaye da macizai da gumakan mutanen Indiya, a tsakaninsu kuma ga mutum-mutumin farin marmara irin na Turawa. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ja ya tsaya, ya ce shi fa bai ga dalilin da zai biya kuɗi ya shiga gidan gumaka ba. Muka ɗan yi muhawara a tsaye. Abin da ya kwantar masa da hankali shi ne, ba a taɓa yi wa ko ɗaya daga cikinsu bauta a wannan gida ba. Mai gidan Kirista ne ɗan Katolika, kuma abin da wasu al'ummai ke girmamawa shi ya mayar adon bango. Ɗan'uwan namu ya ce to wannan ma wani darasi ne game da yadda mai kuɗi ke kallon abin mutane, sannan ya biyo mu.

Da muka shiga sai muka ga gidan bai kai yadda yake cika ido daga waje ba. Hawa biyu ne, da ɗakunan ƙasa inda madafa da masu hidima suke, da rufin sama. Ɗakunan ba su da yawa, sai dai kowanne an kashe masa dukiya: daɓen katako da marmara, ƙofofi masu sassaƙa, zane a rufi, murhun jin ɗumi a bango. Akwai na'urar hawa bene, a gidan da bai fi hawa biyu ba, a zamanin da yawancin mutanen Alƙahira ke kunna fitilar kananzir. A cikin hasumiya akwai matakalar katako mai murɗewa kamar dodon koɗi. Kayan ɗakin asali babu su, sun daɗe da watsewa. A madadinsu an jera tsofaffin hotuna da taswirori da takardun kamfani da allunan bayani kan yadda aka gina Heliopolis. Da muka hau rufi, inda aka ce mai gidan kan sha shayi da baƙinsa, sai muka gane dalilin tudun. Daga nan yana iya ganin garinsa shimfiɗe a gabansa, har da cocin da ya sa aka gina bisa siffar Aya Sofiya ta Istanbul.

A ƙarƙashin wannan cocin yake kwance. Ya mutu a Beljiyam a watan Yulin 1929, daga baya aka kawo gawarsa aka binne a garin da ya gina. Abin da ya biyo baya kuwa labari ne da kowane Bahaushe ya san irinsa. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban, Jean, ya gaji ragamar dukiya, ya shahara da shagali da caca, ya mutu a 1946 da zargin hulɗa da 'yan mamayar Jamus a wuyansa. Ƙaramin, Louis, ya gina ƙasaitaccen gida a Brussels, ya kyautar da shi ga gwamnati a 1937, ya karkata ga ayyukan jinƙai. Jikan, Edouard-Jean, shi ne wanda masu garkuwa suka sace a Paris a watan Janairun 1978, suka riƙe shi kwana 63, suka yanke masa ɗan yatsa suka aika wa iyalinsa. Shekara uku bayan haka ya sayar da hannun jarinsa ya bar kamfanin. Daga haihuwar kaka zuwa ficewar jika, shekara 129 ke nan, dukiyar ta taru ta watse.

Gidan Alƙahira kuwa tun cikin shekarun 1950 iyalin suka rabu da shi, aka yi gwanjon kayan ciki. Waɗanda suka saya ba su zauna ba, aka rufe shi, lambu ya bushe, jemagu suka tare, ɓarayi suka ɓamɓare abin da ya ɓamɓaru. Kango kuwa ba ya rasa mai ba shi labari. Aka ce gidan na juyawa a kan wani faifai yana bin rana. Aka ce ƙanwar mai gidan ta faɗo daga bene ta mutu, ana jin kukanta da dare. Aka ce akwai ramin da ya haɗa gidan da coci. Ginin dai yana nan kafe bisa harsashinsa na kankare, bai taɓa motsi ba. Amma jita-jita ta yi aikinta. A farkon 1997 aka kama matasa masu yawa masu sha'awar wani nau'in kiɗan Turawa, jaridu suka yi ta yaɗa cewa suna taruwa a gidan suna bautar Shaiɗan, daga bisani aka sake su. Wannan ne asalin dariyar direbanmu.

An sa gidan cikin jerin kayan tarihi a 1993, amma sai a 2005, shekarar da Heliopolis ta cika ɗari, gwamnati ta karɓe shi ta hanyar musanya wa masu shi da fili a Sabuwar Alƙahira. Gyara na sosai ya fara a 2017. Da aka fara shafa wa bango jan launi a 2019, sai shafukan sada zumunta suka ɗauki zafi, mutane na cewa an ɓata musu gida, domin sun saba ganinsa da launin ƙura. Masu gyara suka fito da hujjar cewa jan shi ne launinsa na asali, ƙurar shekaru ce ta rufe shi. A ƙarshen watan Yunin 2020 aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi. A cikin lambun an ajiye tsohon taragon turumai guda, yara na hawa ana ɗaukarsu hoto. A daidai waɗannan shekaru na gyara ne kuma aka tumɓuke ragowar layukan turuman Heliopolis don faɗaɗa tituna da gina gadoji. Abin da ya haifi garin ya bar titi ya koma abin kallo a lambun mai shi.

Wannan shi ne labarin da gidan ke bayarwa, kuma an tsara shi ne don ya ba da labarin unguwa. Sai dai dukiya tana da tushe fiye da ɗaya, kuma ɗaya daga cikin tushen ta Empain yana can cikin dazuzzukan Kwango. Daga 1885 zuwa 1908 Kwango mallakar Sarki Leopold ce shi kaɗai, kamar yadda mutum ke mallakar gona, kuma abin da aka yi wa mutanenta wajen tara roba sananne ne a duniya. A 1902 Empain ya kafa kamfanin dogo da zai haɗa kogin Kwango da manyan tafkunan gabas, sarkin kuma ya ba kamfanin ƙasa mai faɗin hekta miliyan 4. Aka shimfiɗa dogo daga Kisangani zuwa Ubundu, kilomita 125, aka gama a 1906. Aka shimfiɗa wani daga Kindu zuwa Kongolo, kilomita 355, aka gama a 1910, lokacin da ake tsakiyar ginin jan gidan Alƙahira. Waɗanda suka sare dajin suka ɗauki ƙarfen a ka, da yawansu hukuma ce ta tattaro su da ƙarfi. Garin Kindu har suna aka ƙara masa, aka riƙa kiransa Port-Empain. Sunayen leburorin kuwa babu wanda ya raɗa wa ko lungu.

Mu wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. A shekarun da aka gina gidan Baron, 1907 zuwa 1911, su ne dai shekarun da aka ja dogo daga Baro zuwa Kano, da ƙarfin talakawan da aka ɗebo daga ƙauyuka ta hannun sarakuna. A ƙasashen da Faransa ta mulka, har da Nijar, ba a soke aikin dole ba sai a 1946, kuma har yanzu akwai gidajen da ake tuna kakan da aka tafi da shi gyaran hanya. Akwai kuma wani zare mai ɗaci da ya ɗaure mu da Kwango kai tsaye. A shekarun farko na rundunar Leopold, cikin sojojin haya da aka ɗauko daga Ikko da gaɓar tekun Gana akwai waɗanda takardun Turawa suka rubuta da sunan Hausa. Ɗan'uwanmu na Kumasi ya yi shiru da muka karanta wannan. Daga baya ya ce ashe idan ana lissafin wannan dukiya, muna cikin waɗanda aka zalunta, muna kuma cikin waɗanda aka ba bindiga.

A Masar ma ba a gina garin da iska ba. Heliopolis an raba ta aji-aji tun daga taswira: fadoji da manyan gidaje a gefe, benayen ma'aikatan ofis a tsakiya, unguwannin leburori a can baya. Ma'aikatan turuman Alƙahira sun yi yajin aiki a 1908, suka sake a 1911, suka kuma sake a 1919, suna neman ragin sa'o'in aiki da ƙarin albashi da a daina wulaƙanta su, kuma waɗannan yaje-yajen na cikin tubalan farko na ƙungiyoyin ƙwadago a ƙasar. Daga ƙarshe Kwangon da ta ciyar da dukiyar ita ce ta zama sanadin ƙwace ta. A watan Disambar 1960, ana tsakiyar rikicin da ya biyo bayan 'yancin Kwango, gwamnatin Jamal Abdul Nasir, wadda ke goyon bayan Patrice Lumumba, ta karɓe kadarorin 'yan Beljiyam a Masar, har da kamfanin Heliopolis. Bayan kashe Lumumba a watan Janairun 1961, a Alƙahira 'ya'yansa suka girma.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a rushe gidan ne ko a ƙaurace masa. Da Misirawa sun bar shi ya faɗi, da babu abin da zai tsayar da ɗalibai biyar daga Afirka ta Yamma su tambayi wane ne wannan, ina ya samo, wa ya yi masa aiki. Ginin ne ya jawo tambayar, tambayar ta kai mu ga littattafai. Gidan attajiri idan ya tsaya shaida ne, kuma shaida ana iya yi masa tambayar da bai so ba. Wanda ya rushe kuwa ya tafi da amsarsa, ya bar mawaƙa da 'yan jita-jita su raba gadon labarinsa.

A nan ne mikin namu yake. Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa attajirai ba. Kano ta yi Kundila, wanda sunansa ya zama abin misali a bakin mutane. Damagaram ta yi Malam Yaro, wanda fataucinsa ya kai Tarabulus, har Faransawan da suka iso a 1899 suka rubuta labarinsa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano, ya zauna a Ankara, ya zama babban mai sayen gyaɗa, har ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Waɗannan mutane da ire-irensu a Salaga da Agadas da Maraɗi da Ngaundare sun gina gidaje masu zaure da soraye da zankwaye, sun ajiye takardun bashi da wasiƙun ajami, sun riƙe barori da bayi da 'yan aike. Yaro ɗan makaranta a garuruwanmu yana iya zuwa fadar sarki ya ga tarihin sarauta, a Kano yana iya shiga Gidan Makama, a Yamai yana iya zuwa gidan tarihi na Bubu Hama da aka kafa tun 1959. Amma ina zai shiga ya ga yadda falke ya rayu, inda yake sauke kaya, inda yake ƙirga wuri, inda bayinsa ke kwana?

Mun san yadda abin ke faruwa, domin a gaban idonmu yake faruwa. Mai gida ya rasu, a raba gado, gida ya zama kaso goma sha. Wanda ya sami zaure ya fasa shi ya fitar da shaguna. Wanda ya sami soro ya ga yaɓe duk shekara ya fi ƙarfinsa, ya rushe ya sa bulo da kwano. Akwatin takardu kuma gara ta gama da shi. Ba mugunta ke sa magada haka ba, bukata ce, kuma ginin ƙasa ba ya yafe sakaci kamar yadda kankare ke yi. Gidan Baron ya yi kusan shekara hamsin a yashe yana nan tsaye. Namu damina uku ta ishe shi. Ko gine-ginen da kowa ya yarda da darajarsu ba su tsira ba: a watan Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya ya rufta kan masallata, a watan Satumbar 2024 kuma ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram wanda ya haura shekara 150. Idan haka ta sami ɗakin Allah, gidan falke sai yaya?

Duk da haka akwai abin da muke da shi wanda bai kamata mu raina ba. Al'adarmu ta san darajar magini, har sarauta ta ba shi. Mun riƙe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Zariya. Mun san Falke Barmu, wanda ya fara ginin masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013 saboda gine-ginen ƙasa da jama'arsa suka riƙe da yaɓe shekara da shekaru. Ke nan idan Allah ya sa wata rana muka mayar da gidan wani attajirinmu gidan tarihi, muna da damar mu ba da labarin a cike: sunan mai gida a zaure, sunan magini kusa da shi, sannan sunayen waɗanda suka kwaɓa ƙasa suka ɗauki kaya, 'ya'ya da bayi, gwargwadon abin da tsofaffi suka riƙe. Wannan na ƙarshen shi ne mai nauyi a baki, domin jikokin masu gida da jikokin bayin gida duk suna raye, suna sallah a sahu ɗaya. Amma tarihin da aka cire wa wannan sashe ya zama kirari.

Ba mu da kuɗin gyaran gini, kuma mun san yawancin masu karanta wannan rubutu haka suke. Abin da muke da shi waya ce a aljihu da tsofaffi a gida. Kafin mu bar lambun Baron a ranar, muka yi wa juna alkawari cewa duk wanda ya je hutu zai nemi tsohon gidan fatake guda ɗaya a garinsu, ya nemi izinin masu shi, ya ɗauki hoton zaure da rufi da zanen bango, ya zauna da mafi tsufan gidan ya rubuta wanda ya gina, da shekarar da aka gina ko sarkin da ke kan gado a lokacin, da sana'ar da ta kawo kuɗin, da mutanen da suka yi aikin. Ɗayanmu na Damagaram ya riga ya cika nasa. Ya tarar da rabin gidan ya zama shagon cajin waya, amma ya sami wata tsohuwa da ta lissafa masa magina uku da sunayensu da unguwarsu. Ya ce da ya ƙara shekara guda bai je ba, da wuya ya same ta.

Muna roƙon masu karatu da ke Zangon Damagaram da Agadas da Tawa, da na zangunan Gana, da na Garwa da Marwa da Anjamena, da 'yan'uwanmu na Sudan, duk wanda ya san irin wannan gida a unguwarsu ya yi haka kafin damina mai zuwa. Allah ya jiƙan magabatanmu, masu gida da magina da leburori baki ɗaya.